Ba Ni Na Haife Ta Ba

A gidanmu ba a kama sunan ɗan fari. Uwa ba ta kiransa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta ko nata ne sai ta kau da kai ta bar na kusa su amsa. Haka na tarar, haka aka yi mini, haka na yi wa tawa. Ku da kuka taso yanzu kuna ɗora 'ya'yanku a cinya a gaban surukai, kuna ƙwala musu kira da suna gatsal, ba za ku gane ba, ni kuma ban roƙe ku ku gane ba. Sunana Sabuwa, daga wata ruga a gefen Garo. Abin da zan faɗa ya faru ne lokacin da gyaɗa take gyaɗa, bayan an gama yaƙin basasa da kaɗan.

'Yar farina mace ce. Ana yaye ta Gwaggo ta ɗauke ta. Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma ita ta haifi maigidana, auren gida aka yi mana. Daga ɗakinta zuwa nawa bai fi taku goma ba, amma tun daga ranar yarinya ta zama tata, kowa 'Yar Gwaggo yake ce mata, ni ma haka. Yarinya ce mai bakin tsiya, tun ba ta iya tafiya sosai ba take zuba surutu, ta tsokani maruƙa, ta tsokani baƙi, har Gwaggo takan ce Allah ya kawo ranar da za ki yi mana shiru.

Tana shekara biyar sanƙarau ya shigo mana da bazara. Ya kwashe yara huɗu a rugarmu. Ita ya bar ta, amma ya tafi da kunnuwanta gaba ɗaya. Ko tsawa aka yi ba ta waiwaye.

Shekarar farko tana magana abinta, sai dai da ƙarfi. Shekara ta biyu maganar ta fara karkacewa, yara suka fara kwaikwayonta, sai ta fara rufe baki. Ina gani da idona kalmomi suna zube mata ɗaya bayan ɗaya, yau ta manta wannan, gobe ta manta wancan, ni kuma ba dama in ce uffan a tsakar gida. Wata rana a rafi ina wanke ƙore, na ce ruwa ya yi sanyi, ni kaɗai nake magana, sai na ji ta ce "ruwa". Na ɗaga kai na ga idonta ƙur a kan bakina. Ashe leɓe take karantawa.

Daga nan na samu dabara. Kullum da hantsi sai in ce a ba ni 'Yar Gwaggo ta taya ni ɗauko ruwa. In mun isa gindin ɗorawar da ke bakin rafi, inda ba mai ganinmu, sai in durƙusa a gabanta in buɗe baki kamar mahaukaciya. Nagge. Nono. Gero. Gyaɗa. Tana kallo tana maimaitawa, in ta yi daidai in ba ta ƙuli, in ta kuskure in sake. Shekara biyu muna haka, ba wanda ya sani. Amma ni ba malama ba ce, tsofaffin kalmomin kawai nake tare mata, sabuwa ko ɗaya na kasa sa mata a baki. Tsofaffin ma suna ta raguwa, kuma na san in ba a samu wanda ya fi ni ba, wata rana za ta wayi gari ba ko ɗaya.

Da kaka ta shekarar da ta cika takwas, muna zaune a tsakar gida muna tsinkar gyaɗa, mu bakwai har da Gwaggo, sai aka yi sallama. Malam Haladu ne, hedimastan Garo, ya rako wata baƙuwa. Shi ya tsaya a waje wurin maza, ita ta shigo da jaka a rataye. Sunanta Malama Titi, mutuniyar Kabba ce, daga jami'a aka turo ta. Tana jin Hausa tas, amma irin Hausar nan da ba ta da lanƙwasa, abin da ke cikinta shi ne a bakinta. Ta gaishe da Gwaggo a durƙushe, ta zauna a tabarma ba ta ƙyamaci komai ba. Wallahi ba ni da abin da zan zarge ta da shi, na so in samu, ban samu ba.

Ta ce wata biyu ke nan tana yawo ƙasar Gwarzo da Kabo tana neman yara kurame, ta ga sun fi arba'in. Ta ce bincike take yi, tana so ta gano ko yaron da ciwo ya kurmantar zai iya riƙe maganarsa in aka koyar da shi tare da uwarsa. Za a buɗe aji na gwaji a Kano, yara takwas kacal. Ta samu bakwai, saura gurbi ɗaya. Malam Haladu ne ya ce mata akwai wata a nan.

Aka kawo 'Yar Gwaggo. Malama ta kaɗa ƙararrawa a bayanta, shiru. Ta ciro madubi suka leƙa tare. Ta kama hannun yarinyar ta ɗora a maƙogwaronta ta yi magana, yarinya ta zaro ido. Sai ta ɗora 'yar auduga a tafin hannunta ta ce "fa", auduga ta tashi sama. Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar da rabona da ji tun kafin ciwon. Ta karɓi audugar ita ma ta ce "fa". Sannan ba wanda ya tambaye ta, ta nuna tarin da muke tsinka ta ce, "Gyaɗa."

Matan gidan suka saki baki. Malama ta ajiye madubi.

"Wa yake koya mata?" ta ce. "Yaron da ya shekara uku ba ya ji, ba ya riƙe magana haka shi kaɗai. Akwai mai koya wa yarinyar nan."

Matan suka dubi juna. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina ta tsinka.

"To, wannan nake nema," in ji Malama. "Amma ba na ɗaukar yaro sai da uwarsa. Uwa za ta biyo shi ta zauna wata guda, a koya mata yadda za ta ci gaba a gida. Ina uwarta?"

"Ga ni," in ji Gwaggo.

Malama ta yi murmushi. "Mama, ke kakarta ce, na gani. Kuma idonki ya yi rauni, aikin nan na ido ne. Wadda ta haife ta nake nema."

Gaskiya ta faɗa, yanar ido ta rufe wa Gwaggo gani tun bara, 'Yar Gwaggo ce take jan ta zuwa bayan gida, ita take miƙo mata buta, ita take tsince mata tsakuwa a gero. Gwaggo ta ce, "To ga su nan zaune, sai ki tambaye su."

Malama ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina ta tsaya. Dole ta tsaya, ai kamar an tsaga kara ne ni da yarinyar. Ta jawo ta, ta tsayar da ita a gabana, ta ce, "Wannan 'yarki ce?"

Ku ji yadda abin yake a wurinmu. Uwa takan yi shiru, ko ta musa, sai babbar da ke wurin ta yi dariya ta ce, "Ke rabu da ita, ita ce, kunya take ji." Shi ke nan an rufa wa kowa asiri. Nauyin faɗar gaskiyar ba a kan uwa yake ba, a kan babba yake. Don haka na yi shiru ina jiran Gwaggo. Na jira, na jira. Gwaggo ta ci gaba da laluben gyaɗarta kamar ba da ita ake ba. Sauran matan kuwa duk ƙannena ne a gidan, wa ya isa ya buɗe baki Gwaggo tana zaune ta yi shiru?

"Ke nake tambaya," in ji Malama. "Ke kika haife ta?"

Na san abin da ke kan layi, kada wani ya ce ban sani ba. Na ji bayanin da kunnena, gurbi ɗaya ya rage. Cikina yana cewa faɗi, Sabuwa, faɗi, ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Amma ido goma sha biyu a kaina, ga uwar mijina a gefe, ga shekara ashirin da biyar ana horon harshen nan nawa a kan abu ɗaya. Ban ma san lokacin da ya motsa ba.

"A'a," na ce. "Ba ni na haife ta ba."

Kuma na ɗaga kai lokacin da na faɗa, tir da ni. Da na bar kaina a sunkuye da abin ya zo da sauƙi. Yarinyar tana tsaye a gabana, idonta a kan bakina, yadda na koya mata. Ni na koya mata! Na ga leɓenta yana bin nawa tana haɗa maganar, na ga lokacin da ta gama haɗawa. Audugar ta faɗi daga hannunta.

Malama ta dube ni ta daɗe, sannan ta rubuta wani abu a takardarta, ta yi sallama ta fita.

Yaro mai ji yana tashi da sanin al'adar nan ba tare da an zaunar da shi ba. Yana jin maƙwabta suna zolayar uwarsa, yana jin ana cewa ga mai kunyar ɗa can, ya san musun na baka ne. Ni ma haka na san tawa uwar tana sona. Ita kuwa kunnenta ya toshe tun kafin ta kai jin irin wannan. Ba wanda ya taɓa gaya mata, kuma da wace kalma zan gaya mata? Da nagge, ko da nono? Abin da ta gani shi ne abin da ta samu.

Washegari na ce a ba ni ita mu je rafi. Ta ɗauki tulu ta bi ni. A gindin ɗorawa na durƙusa na ce "ruwa". Ta juya ta kalli rafi. Na zagaya gabanta, ta juya ta kalli gona. Na miƙa mata ƙuli, ta karɓa ta ajiye a ƙasa. Kwana uku muna haka.

Na tari maigidan da maganar. Ya ce, "To da me kike so ki ce? A gaban Gwaggo? Abin da kika yi shi ne daidai." Ya ɗauki sandarsa ya bi shanu. Shi ma ɗin ai bai taɓa ɗaukarta ba tunda aka haife ta, ko da yake na sha ganinsa yana ajiye mata rake a bakin ƙofa ya wuce.

Na shiga wurin Gwaggo, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki yi magana ba?"

Ban yi zaton za ta amsa ba. Ta ce, "In ta tafi wa zai ja ni?" Sai ta fashe da kuka, tsohuwa da ita. Na zo da faɗa cike da bakina, na rasa inda zan sauke shi, na fito.

Rana ta biyar Marka ta zo, matar Malam Haladu, wadda nake kai wa nono kullum. Ko zama ba ta yi ba ta ja ni bayan ɗaki.

"Ke Sabuwa, wace irin sakarya ce ke? Malam ya ce matar nan ta fito daga gidanku ranta a ɓace, ta ce ba za ta ɗauki yarinyar da uwarta take gudunta ba. Sai jiya da suka sake haɗuwa ya yi mata bayanin kunyarku. Ke kuma kina nan zaune kina jiran wa? Gobe Alhamis take barin Gwarzo. In za ki tashi ki tashi."

"In ce wa Gwaggo me?"

"Ki ce mata uwar Hajaratu ce za ta kai 'yarta makaranta! Kunyar me? Kunyar ce za ta yi mata magana in bakinta ya mutu?"

Da sassafe na ɗauki ƙwaryar nono kamar mai zuwa talla, na kama hannun yarinyar, ban sallami kowa ba. A bakin titi muka samu motar gyaɗa da ta sauke kaya a Kano tana komawa Gwarzo wayam, direban ya ce mu hau baya. Duk tsawon hanyar nan tana zaune a kan tarin buhunan da ba komai a ciki, ta ba ni ƙeya. Nonon kuwa rabinsa a jikina ya ƙare.

Mun isa Gwarzo rana ta ɗaga. Na tambayi masaukin Malama, aka nuna mini wani gida kusa da inda ake awon gyaɗa. Wurin cike yake da mutane, manoma da jakunansu, masu awo, leburori suna ta ɗora buhu a ka, ga 'yan kallo. Can na hango ta tsaye kusa da wata ƙaramar mota, ana ɗaure mata akwatuna a sama. Direba har ya shiga.

Na saki hannun yarinyar na kutsa cikin maza, ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban namiji ba. Ban yi sallama ba, ban gaishe ta ba. Na dire ƙwarya na buɗe maƙogwaro.

"'Yata ce! Ni na haife ta! Hajaratu 'yata ce, ita ce ta farina, ni nake koya mata a rafi! Ni ce uwarta!"

Mai awo ya tsaya da buhu a kan sikeli. Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi, Bafulatana da sunan 'yar fari a kasuwa?" Wasu suka yi dariya. Ko a jikina, a lokacin ko tsirara aka ce in yi zan yi.

Malama ta zo ta kama hannuna biyu. Tun kafin ta yi magana na ga amsar a fuskarta.

"Na san ke ce," ta ce. "Tun ranar na sani. Na ɗauka ƙin ta kike yi don ta kurmance, na ga irin haka a wasu gidajen. Da Malam Haladu ya yi mini bayani na kasa cin abinci. Amma kafin nan na riga na ba wani yaro a Kabo gurbin, takarda ta tafi Kano tun ranar Litinin, an gaya wa iyayensa, uwarsa har ta haɗa kaya. In ce musu me?"

"A sa tara," na ce. "Ba ta da ci. A ƙasa za mu kwana. Ni zan yi muku shara, zan yi wanke-wanke."

"Ba ni nake yankewa ba. Takwas aka amince, da ƙyar ma aka amince." Idonta ya kawo ruwa. "In aka ga amfanin ajin za a ƙara baɗi. Na rubuta sunanta, ita ce ta farko. Ki ci gaba da abin da kike yi a rafi, kada ki bari ko kwana ɗaya. In ta daina amfani da maganar, tafiya za ta yi, kuma ba ta dawowa."

Baɗin nan bai zo ba. Ajin shekara ɗaya ya yi aka rufe, Malama ta rubuta littafinta aka ba ta babbar takarda, na ji an ce ta yi ta aiko wa Malam Haladu wasiƙa tana tambayarmu har ta gaji. Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, da ta ce in ci gaba, sai na ji ɗan sanyi a raina. Na ce a zuciyata to ko ba komai na faɗa, duk Gwarzo ta ji, yarinya ta san uwarta ba ta gudunta. Gobe za mu koma gindin ɗorawa.

Na waiwaya in neme ta. Tana can inda na sake ta, a tsugune, ta juya mana baya, tana tsintar gyaɗar da ta zube daga buhuna tana tarawa a gefen zanenta. Tun da na fara ihun nan bayanta ne a wurina. Mai awo ya ji, leburori sun ji, jakai ma sun ji. Ita kaɗai ce ba ta san na ce komai ba.

Na ruga na durƙusa a gabanta cikin ƙasa, na kama fuskarta da hannu biyu na ɗago ta daidai bakina. Na buɗe leɓe a hankali, yadda muke yi, na ce, "Ni na haife ki."

Tana ganin bakina ya fara motsi ta runtse ido. Na girgiza ta, na shafa mata fuska, na faɗa sau uku, sau biyar, na faɗa har muryata ta dushe, mutane sun kewaye mu suna kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta fizge ba, ta dai ƙi buɗewa. Sai da na sake ta sannan ta buɗe ido, ta koma tsintar gyaɗarta.

Shekara talatin da huɗu ta yi a duniya bayan wannan. Ta ja Gwaggo har Gwaggo ta rasu, ta yi mini daka, ta yi mini jinya, ba ta taɓa saɓa mini ba. Tana kallon bakin kowa a gidan ta gane abin da ake so. Nawa ne kawai in na fara magana sai ta sauke ido ƙasa, sai dai in nuna mata da hannu. "Gyaɗa" ɗin nan da ta faɗa wa Malama a tsakar gida, ita ce kalma ta ƙarshe da na ji daga bakin 'yata.